Kan Mashin Ɗin Da Na Zaɓa Masa

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyata. Yau ba zan yi muku kwana-kwana ba, laifina zan faɗa da bakina. Ni na ja ruwan, kuma saura ƙiris ya doki wanda bai ji ba bai gani ba, wato mahaifina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiha, 'yar Malam Badamasi bakanike, a nan Birnin Kudu. Sama da shekara talatin Baba ya yi yana gyaran mashin a bakin kasuwa, kafin yanar ido ta zaunar da shi a gida. Mu uku ya haifa, duk mata, ni ce auta, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake ce mini Uwata. Tun ina kai masa abincin rana a langa nake tsugunawa a gefensa, yau miƙo sifana, gobe riƙe mini nan, har na wayi gari ina gane ciwon mashin daga kukansa. Baba yana alfahari da hakan. Inna kuwa ta tsani abin kamar ranar mutuwarta.

Kuma tana da hujja. Shekara biyu da suka wuce akwai wani Kamaluddeen da ke zuwa wajena, har an fara maganar turo magabata. Ran nan ya zo zance da abokansa biyu, da za su tafi mashin ya ƙi tashi. Ya yi ta taka shi har ya jiƙe da gumi. Ni kuma sarkin karambani na shiga gida na ɗauko sifana, na cire fulogi na kankare na mayar, taku ɗaya ya tashi. Abokan suka kwashe da dariya, a nan take suka raɗa masa suna mijin bakanike. Ban sake ganin ƙeyarsa ba.

Ranar Inna ta zaunar da ni a bakin gadonta.

"Baki shi ke yanka wuya, ke kuma naki a hannu yake," ta ce. "Duk wanda Allah ya sake kawowa, ba ki san fulogi ba, ba ki san uwar fulogi ba. Ki yi mini alkawari."

Na yi mata.

Sai Allah ya kawo Saifullahi. Malamin firamare ne a Maruta, can ƙasar Gwaram. A asibiti muka haɗu, ni na kai Baba duba ido, shi ya kawo nasa mahaifin. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da in suna sauraronka sai ka ji kamar maganarka tana da nauyi. Wata takwas yana zuwa, wata takwas ina wasan rashin sani. Har nuna wani ƙarfe nake yi a jikin mashin ɗinsa in langaɓe kai in ce, "Malam, wannan kuma me ake ce masa?" Shi kuma bawan Allah ya gyara tsayuwa ya yi mini bayani, rabi daidai rabi ba daidai ba, ina gyaɗa kai. Allah ya yafe mini. Amma ina son sa, wannan kam ba wasa a ciki.

Ranar Laraba Baba ya kira mu, ni da Inna, ƙarƙashin rumfa.

"Na ji jikin mahaifin yaron nan ya tashi. Ranar Asabar zan je Maruta in duba shi."

Kowa ya san ba dubiya ce kaɗai ba. Gidan zai gani, dangin zai ji, daga nan ya yanke magana.

"Sai a nemo mota ko, Malam?" in ji Inna.

"Shi yaron zai ɗauke ni. Ni a bayan mashin nake sanin mutum. Yadda yake taka birki, haka zai riƙe iyali."

Washegari Alhamis bayan la'asar, ina zaune kan tabarma ina tsince shinkafa, lallen da na ƙunsa da safe ya kama jawur, sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Saifullahi.

"Ranki ya daɗe, ina shagon kayan mashin a Gwaram. Kan mashin ɗina ya ɗan karkace tun faɗuwar da na yi da damina, ba zan ɗauki Baba a kansa haka ba. Ga guda uku, ki zaɓa mini."

Na san faɗuwar da yake nufi, ya taɓa ba ni labari. A hanyar Maruta, bayan an sauka daga kwalta, akwai wata kwana da ake karyawa hagu, ga rairayi, ga kwazazzabo a gefe. A nan ya zame.

Hotuna suka shigo. Na farko baƙi ne, irin wanda mashin ke zuwa da shi. Na biyu tsayinsu ɗaya da na farkon, sai dai ya ɗan fi faɗi, da sanda a tsakiya ta riƙe shi. Na uku kuwa dogo ne, fari tas yana ɗaukar ido, ya tashi sama ya lanƙwaso kamar ƙahon bijimi. Kallo ɗaya na yi na san na biyun ne na hanyar Maruta, don kai mai faɗi ya fi daɗin riƙo a rairayi. Na ukun ya ɗara tsohon da kusan taƙi guda, kuma duk wanda ya ƙara wa kai tsawo dole ya ƙara wa wayoyinsa.

Yatsuna suka riga tunanina. Na rubuta: "Na biyun. Ka sa a gwada kaurinsa a mazauninsa kafin a ɗaure. In dogo ka ɗauka sai an canza wayar totur da ta birki."

Ban kai ga turawa ba na ji inuwa a kaina. Inna ce, da ludayi a hannu. Ba ta karatun boko, amma fuskata tana karanta ta kamar allo.

"Wannan kallon na san shi," ta ce. "Kallon sifana ne. Me ya turo?"

Na nuna mata.

"To me kika rubuta mai tsawo haka kamar wasiƙar kotu? Goge. Kyau ya tambaye ki, ki faɗa masa mai kyau. Saura kwana biyu magana ta ƙare, Nasiha, kada ki ɓarar mini da garin da na daɗe ina tankaɗe."

Na goge. Na rubuta: "Na ukun ya fi kyau, yana ƙyalli."

"Zaɓinki shi ne nawa," ya amsa, har da hoton zuciya.

Na lallashi kaina da cewa ai duk mai ɗaurawa ya san aikinsa, zai canza wayoyin. Ranar Juma'a na kasa haƙuri na tura masa, "An ɗaura?" Ya ce, "An ɗaura, mai shagon ya ce ya zauna daram." Na rubuta "wayoyin fa?" na tsaya ina kallon kalmomin, sannan na goge su, na tura masa addu'ar Juma'a.

Asabar da hantsi gidanmu ya ɗauki ƙamshin turaren wuta. Baba ya sa farar shaddarsa ta zuwa masallacin Juma'a, da hula ƙube da na wanke masa na kafa a kan tulu. Inna ta haɗa kayan dubiya a jaka, lemo da ayaba da dabino, da fura a ƙullin leda. Ni kuma na sa atamfata ruwan ganye mai zanen ganga, na ɗora farin mayafi, na zizara kwalli, na laɓe a zaure ina jira.

Daga farkon layi na jiyo su, mashin biyu. Na gane nasa. Ya zo daidai darbejiyar ƙofar gidanmu, ya karya kan hagu gaba ɗaya don ya shiga inuwa, sai injin ya yi wani irin ihu, wuuu, kamar an murɗa totur da gayya. Yana miƙar da kan, ihun ya kwanta.

Na san wannan kukan. Wayar totur ce ta yi gajarta, in an juya kan sai ta ja kanta, mashin ya ba kansa wuta ba da izinin mai shi ba.

Na fito da sallama. Dattawan layinmu uku suna kan bencinsu na kullum. Saifullahi ya sha shadda ruwan toka, sai murmushi yake. Na biyun ɗan baffansa ne, Yunusa, wanda ya rako shi, mutum ne da ba a raba shi da tsokana.

"Ina kwana, Malam. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ga zaɓinki, ya kika gan shi?"

Na gan shi kuwa. Kyan ɗan maciji. Wayar totur ta miƙe ƙam kamar tsarkiyar baka, ko ɗan lanƙwasar da ake bar mata babu. Na sauke ido kan mazaunin kan, inda notuna huɗu ke danne shi, sai ga bakin wani ƙarfe siriri ya leƙo, da ragowar shuɗin rubutu a jikinsa. Gwangwanin madara ne. Sabon kan bai kai kaurin mazaunin ba, sai mai shagon ya yanko gwangwani ya naɗa masa ya ɗaure. Baba ya sha korar masu koyon aiki a kan wannan.

"Ya yi kyau," na ce. "Amma Malam, ba ka ji kamar yana wani kuka ba da za ka tsaya?"

"Na ji tun jiya. Mai shagon ya ce sabon abu ne, zai saba."

Yunusa ya yi dariya. "Amaryarmu, bar wa maza zancen mashin. Ke dai ki tanadar mana fura mai sanyi."

Sai ga Baba ya fito yana dogara sandarsa. Samarin suka zube suka gaishe shi. Na ƙura masa ido ina jiran ya ce a juya masa kan nan ya ji. Mutumin da ke gane mashin ɗin maƙwabta daga cikin ɗaki, ba zai ce bai ji wannan ihun ba. Amma fuskarsa ba ta nuna komai ba. Tambayar mai jiki ya yi, ya tambayi hanya, ya ce a ɗaure jakar a mashin ɗin Yunusa.

Na koma zaure da sauri, na tarar da Inna tana leƙe ta jikin ƙyaure.

"Inna, mashin ɗin nan ba lafiya. In ya karya kwana zai fizge su."

"Rufe mini baki. Ubanki bakanike ne, in da matsala zai faɗa."

"Ba ya gani, Inna."

"Kunnensa fa? Shi ma yanar ta rufe? Ke kin fi shi sani ne?" Ta kama hannuna ta matse. "Ga ɗan'uwansa a tsaye, ga dattawa. Irin ranar Kamaluddeen sak. Wallahi in kika fita kika tsinka yaron nan a gaban mutane, ke kika sani."

Na tsaya. Ku fahimce ni, ba wai ban damu da Baba ba ne. Zuciyata ce ta shiga kawo mini dalilai. Wataƙila ni ce na zuzuta abin. Ai daga Maruta ya taho a kansa lafiya. Wataƙila a hankali zai bi kwanar. Sai wata zuciyar ta ce, daga Maruta shi kaɗai ya taho a kansa, kuma kwanar dama ya yi a wajen kwazazzabon. Yanzu hagu zai yi, a gangare, cikin rairayi, da tsoho mara gani a bayansa, ga kan da gwangwani ke riƙe da shi. Gaba kura, baya sayaki.

Ina kallo Saifullahi ya hau ya daidaita mashin ɗin. Ina kallo Baba ya miƙa wa ɗaya daga cikin dattawan sandarsa, ya lalubi kafaɗar Saifullahi, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye. Ya tattare shaddarsa ya cusa a tsakanin cinyoyinsa, yadda ya koya mini tun ina ƙarama don kada taya ta ci. Ina kallo aka taka mashin ya tashi. Duk ina tsaye, hannuna cikin na Inna.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen zaure, idanun nan farare suna neman inda nake.

"Uwata, sai mun dawo."

Ban san lokacin da na fizge hannuna ba.

"Malam, kada ka sa giya!"

Takalmi ɗaya a ƙafata na isa gabansu. Na dafa kan mashin ɗin da hannu biyu, mayafina ya zame, ban bi ta kansa ba.

"Nasiha, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Cika totur ɗin, bar shi a silo yana bugawa da kansa. Ɗauke hannunka gaba ɗaya."

Ya ɗauke, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Na juya kan dama har ƙarshe, injin yana ta bugawarsa a hankali. Na dawo da shi tsakiya. Na juya shi hagu. Ihun da ya yi sai da kajin maƙwabta suka watse, dattawan suka miƙe tsaye. Na mayar tsakiya ya yi shiru. Na sake, ya sake.

"Ka gani? Ba wanda ya taɓa totur. Wayar ce ta yi kaɗan, kan ya fi ƙarfinta. Da kana cikin giya a kwanar nan taku, da ya fizge ka ya yi kwazazzabo da ku. Ta birkin gaba ma ga ta nan a ɗame. Kashe shi."

Ya kashe. Na ce ya riƙe mashin ɗin da ƙafafunsa da kyau, na kama hannayen kan biyu na sakar musu nauyina. Sai ji muka yi ƙiiit, kan ya sunkuyo ƙasa kusan faɗin tafin hannu, madubai suka kalli tanki. Na sa farce na zaro bakin gwangwanin na nuna masa.

"Wannan ne ke riƙe da ku. Rami ɗaya mai kyau ya ishe shi."

Yunusa ne ya fara magana, da 'yar dariyarsa.

"Kai! Ashe amaryar tamu bakanike ce. Saifu, ka huta da zuwa gareji."

Ba wanda ya taya shi. Saifullahi bai ko kalle shi ba, ni yake kallo.

"Tun yaushe kika san wannan?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Tun ina 'yar shekara tara."

"Ba shi na tambaya ba. Wannan kan. Tun yaushe kika san zai yi haka?"

Da na so, da na ce yanzu na gani. Ga Inna a bayan ƙyaure, na san addu'ar da take yi ke nan.

"Tun ranar Alhamis na san dogo ne, sai an canza masa wayoyi. Na biyun ne daidai. Na rubuta maka, na goge."

Ya sauke ido kan bakin gwangwanin.

"Wata takwas," ya ce a hankali. "Wata takwas kina tambayata sunan ƙarafa, ina ta zuba kamar wani malami. Wannan na iya haɗiye shi. Amma na tambaye ki saboda Baba, Nasiha. Saboda Baba na tambaye ki."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya sauka, ya tallafi Baba ya sauko da shi kamar ƙwai, ya karɓo sandar ya damƙa masa, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Na ji kukan tun jiya, na yarda da maganar mai shago ban bincika ba. Ba zan ɗauke ka a kansa ba."

"Tashi, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Bai hau mashin ɗin ba. Tura shi ya yi, da shaddarsa da komai, Yunusa na biye da shi a hankali, jakar dubiyar tana reto a bayansa. Har suka sha kwanar layin bai waiwayo ba.

A tsakar gida Inna ta fashe. "Shi ke nan, kin huta! Na biyu ke nan. Sai ki auri akwatin sifana."

Baba ya zauna a kujerarsa ta ƙarƙashin rumfa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Jummai, ya isa," ya ce da Inna. Ya juyo wajena. "Uwata, zo nan."

Na durƙusa a gabansa, hawaye na ɗiga kan atamfata.

"Tun da ya karyo ƙarƙashin darbejiya na ji. Ba inda za mu, hannuna na kan kafaɗarsa, yana taɓa giya zan tsayar da shi. Na fito ne da niyyar in auna yaro, sai na ji ki kina tambayarsa wai ko ya ji wani kuka, kamar ba ke ba. Na ce to bari in ga inda 'yata za ta tsaya." Ya numfasa. "Na ba da sandata, ba ki yi magana ba. Na ɗaga ƙafa, ba ki yi magana ba. Na zauna, aka tayar. Sai da na kira sunanki."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na kifa kaina a gwiwarsa ina kuka, ina ba shi haƙuri. Bai ture ni ba, bai kuma ce mini "ba komai" ba. Inna ta yi tsaye da bakin zaninta a hannu, can ta juya ta shige madafi.

Azahar ta yi, waya shiru. Na yi sallah, na kasa cin abinci. Na buɗe hotonsa na rufe ya fi sau ashirin. La'asar ta wuce, ina zaune a kan tabarmar nan dai ta ranar Alhamis, sai wayar ta yi ƙara. Na ɗauka da sauri.

Hoto ne. Benci na shagon kayan mashin, ba na Gwaram ba, na nan garin. An kwance dogon kan an jingine shi gefe. A kan bencin ga baƙin nan irin na asali, ga mai faɗin nan mai sanda a tsakiya. Saƙo ya biyo baya.

"Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce. Ban kuma san me zan ce da ke a kan mu ba tukuna. Amma mahaifina yana jiran Baba. Wanne? Wannan karon Nasihar gaskiya nake tambaya."

Na share ido da bakin mayafi na fara rubutu. Na ce mai faɗin. Na ce a zaunar da shi a mazauninsa ba tare da an cusa komai ba, in yana rawa kafin a ɗaure to ba nasa ba ne, a ajiye. Na ce a mayar da wayoyin ta hanyarsu ta da, a bar musu 'yar lanƙwasa. Na ce in an gama a tayar a bar shi a silo, a juya dama har ƙarshe, a juya hagu har ƙarshe, in muryar injin ta canza ko kaɗan kada ya karɓa. Ya duba kada hannayen su daki tanki, ya zauna a kai ya ji ko kafaɗunsa sun sake. A ƙarshe na ƙara da cewa, na yi maka ƙarya wata takwas don ina tsoron rasa ka, wannan ce ni.

Ya yi tsawo kamar wasiƙar kotu. Inuwa ta faɗo a kaina, na ɗaga ido, Inna ce da ludayinta. Ta dubi wayar, ta dubi fuskata. Na tura a gabanta, ban goge ko harafi ɗaya ba.

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

Inna ta gyara zani ta zauna a gefena kan tabarmar, abin da ba ta saba ba, muka zuba wa wayar ido tare. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ta kalle ni ba:

"Kin dai faɗa masa ya duba ta birkin ma ko?"